Uwar da Ba Ta Kai Kashi na Biyu: Tarihin Uwa a Katun ɗin Jafan da a Labaran Hausa

A watan Maris na 1962 gidan talabijin na Kaduna ya fara watsa shirye-shirye, a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai da gwamnatin Sardauna ta kafa tare da wasu kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI. Ba a cika shekara da wannan ba, ranar 1 ga Janairu 1963, tashar Fuji da ke Tokyo ta fara nuna *Tetsuwan Atomu* na Osamu Tezuka, wanda duniya ta fi sani da *Astro Boy*. Daga wannan shiri ake fara lissafin katun ɗin Jafan mai fitowa mako-mako, wanda ake kira anime. A lokacin babu abin da ya haɗa tashoshin biyu, amma sannu a hankali hanyoyinsu suka gamu. A shekarun 1980 yaran da ke da talabijin a gida sun kalli *Voltron* a NTA, wanda asalinsa katun ɗin Jafan ne da Amurkawa suka sake wa murya. Daga baya faifai suka cika kasuwa, yau kuma waya ta ɗauke aikin gaba ɗaya.

Duk uba ko uwar da ta taɓa zama kusa da yaranta a Malali, Kawo ko Unguwar Rimi suna kallon irin waɗannan shirye-shirye za ta lura da abu guda: uwar jarumi ba ta daɗewa. A *Attack on Titan* na 2013, wani ƙaton dodo ya cinye Carla, mahaifiyar Eren, a gaban idonsa tun a kashin farko. A *Demon Slayer* na 2019, Tanjiro ya dawo daga sayar da gawayi ya tarar an kashe mahaifiyarsa da ƙannensa, shi ma a kashin farko. Kushina, mahaifiyar Naruto, ta rasu ne a ranar da ta haife shi. Wannan ɗabi'a ta yawaita har masu kallo suna yi mata barkwanci. Sai dai tana da tarihi, kuma tarihin nata na Jafan ne. Labaran Hausa ma sun daɗe suna ɗauke da uwa, amma aikin da suka ba ta daban ne.

Trisha Elric: matacciyar da ke juya labari

Misali mafi bayani shi ne Trisha Elric ta *Fullmetal Alchemist*. Wata mata ce, Hiromu Arakawa, wadda ta tashi a gonar shanu a tsibirin Hokkaido, ta zana labarin a mujalla daga 2001 zuwa 2010, aka tattara shi a littafi 27. An mayar da shi katun sau biyu: kashi 51 daga 2003, sannan kashi 64 daga 2009.

Trisha matar ƙauye ce a wani gari na ƙirƙira mai suna Resembool. Mijinta ya yi tafiya bai dawo ba, ya bar ta da yara biyu maza, Edward da Alphonse. Ciwo ya kama ta, ta rasu. Yaran sun gaji ilimin alkimiyya daga littattafan mahaifinsu, wato tsohon ilimin juya wani abu ya koma wani, sai suka ƙudurta dawo da ita duniya, abin da dokar wannan ilimi ta haramta. Edward yana da shekara 11, Alphonse 10. Suka tara sinadaran jikin ɗan Adam, suka yi aikin. Abin da ya fito ba mutum ba ne. Edward ya rasa ƙafar hagu, Alphonse ya rasa jikinsa ɗungurungum, sai da wansa ya ba da hannun dama kafin ya ɗaure ransa a cikin wani sulken ƙarfe. Duk abin da ya biyo baya, yaƙe-yaƙe da makircin sojoji da tafiye-tafiye, daga wannan dare ya faro.

Idan aka ƙirga mintocin da Trisha ta bayyana a raye, ba su taka kara sun karya ba. Ana ganinta ne a tuna baya, tana shanya ko tana murmushi ga abin wasan da yaran suka ƙera mata. Ba ta yanke wata shawara da ta sauya labarin ba. Rasuwarta ce ta sauya shi. Aikinta uku ne: ta ba yaran dalilin barin gida, ta zame musu ma'aunin alheri, kuma ta hanyarta suka koyi darasin da labarin ya ginu a kai, cewa ran mutum ba shi da farashin da za a biya a dawo da shi.

Katun biyun sun rabu a kan abin da ya fito a wannan dare. A na 2003, halittar ta rayu, ta girma da fuskar Trisha, ta zama abokiyar gaba da dole yaran su fuskanta. A labarin Arakawa na asali, wanda katun ɗin 2009 ya bi, Edward ya koma ya tone inda aka binne halittar, ya duba gashi da ƙasusuwa, ya tabbatar ba mahaifiyarsa ba ce ko kaɗan. Wannan ya sauke masa nauyin tunanin cewa ya kashe ta a karo na biyu.

Arakawa ba ta bar yaran haka nan ba. Akwai Pinako, tsohuwar maƙwabciya da ta riƙe su, akwai kuma malamarsu Izumi Curtis, wadda ita ma ta taɓa gwada haramtaccen aikin don dawo da jaririnta, ta rasa wasu kayan cikinta. Bahaushe ya riga ya san wannan tsari, domin ya ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Inda wannan uwa ta fito

Siffar uwa mai haƙuri, mai sadaukarwa, wadda duniyarta ba ta wuce gida da yara ba, gini ce ta zamanin Meiji, wanda ya fara a 1868 lokacin da Jafan ta tashi haiƙan don ta kamo Turai. A 1875 wani malami, Nakamura Masanao, ya yi rubutu a kan buƙatar samar da iyaye mata nagari, kuma daga irin wannan tunani taken *ryosai kenbo* ya kafu, ma'ana mace tagari kuma uwa mai hikima. Dokar makarantun sakandaren 'yan mata ta 1899 ta mayar da shi manufar gwamnati. An ilimantar da mace ne domin ta raini ɗan da zai yi wa ƙasa aiki, a ofis ko a fagen fama.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa hoton ɗaci. Ƙidayar da gwamnatin Jafan ta yi a 1948 ta gano marayu fiye da 120,000. A wannan shekara kamfanin finafinai na Daiei ya fara fitar da jerin finafinan da ake kira *haha-mono*, wato finafinan uwa, inda 'yar wasa Aiko Mimasu ta fito a kusan talatin cikin shekara goma, kullum a matsayin uwar da talauci ko ƙaddara ta raba da ɗanta. Mutanen da suka kafa sana'ar katun a wannan yanayi suka tashi. Atomu na Tezuka mutum-mutumi ne da wani masani ya ƙera don ya maye ɗansa da ya mutu, daga baya ya yasar da shi, sai wani dattijon masani ya ƙera masa iyaye na ƙarfe. Mahaifiyar Hayao Miyazaki ta yi shekaru tana jinyar tarin fuka da ya kama mata ƙashin baya, kuma uwar da ke kwance a asibiti a *My Neighbor Totoro* na 1988 daga nan ta samo asali. A *Galaxy Express 999* na 1978 an harbe mahaifiyar yaro Tetsuro a farkon labari, sai wata mata mai kama da ita ta ɗauke shi tafiya cikin taurari.

Akwai kuma dalili na kasuwa. Mujallar *Shonen Jump*, wadda aka kafa a 1968 kuma ta kai fiye da kwafi miliyan shida a mako a tsakiyar shekarun 1990, yara maza ta nufa. Gidan irin wannan yaro a Jafan ta bayan yaƙi yana da fasali sananne: uba na fita da sassafe ya dawo cikin dare, uwa kuma na tsaye a kan karatu da jarrabawa, har aka laƙaba mata suna *kyoiku mama*, uwar karatu. Jarumin da zai yi yawon duniya da takobi yana ɗan shekara goma sha biyu ba zai iya ba idan akwai mai tambayarsa ko ya gama aikin makaranta. Kashe ta a kashin farko ya biya wa marubuci buƙata biyu. Ya buɗe wa yaro ƙofa, ya kuma bar uwar cikin tsarkinta, domin matacciya ba ta faɗa, ba ta kuskure.

Shekarar 1976: yaro na neman uwa, uwa na neman ɗa

Shekarar 1976 ta ba da damar kwatanci da ba a shirya ba. Daga Janairu zuwa Disamba, tashar Fuji ta nuna *Haha o Tazunete Sanzenri* cikin kashi 52, wanda Isao Takahata ya ba da umarni. An ɗauko shi daga wani ɗan labari a littafin *Cuore* na marubucin Italiya Edmondo De Amicis, na 1886. Yaro ne mai suna Marco, ɗan birnin Genoa, wanda mahaifiyarsa ta tafi aikatau Ajantina, wasiƙunta suka yanke. Ya haye teku ya bi ta gari-gari, har ya same ta a Tucumán tana kwance rai a hannun Allah. Ganinsa ya sa ta yarda aka yi mata aiki, ta warke.

A wannan shekara ce a Nijeriya Adamu Halilu ya kammala fim ɗin *Shaihu Umar*, daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun. An yi shekaru ana zaton fim ɗin ya ɓace, sai da aka gano shi aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018.

A labarin Tafawa Ɓalewa, an haifi Umar a Kagara. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, wanda makircin 'yan fada ya sa aka kora, ya je ya zauna a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, kafin ta dawo an sace yaron. Maƙarfi da Fatika duk suna cikin Jihar Kaduna ta yau. Umar ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya kai shi ƙasar Masar ya raine shi kamar ɗansa, ya zama malami. Ita kuwa uwar ba ta zauna jira ba. Ta bi sawu har Kano, ta shiga ayarin hamada, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa a Murzuk, aka wuce da ita Tarabulus. A can suka haɗu bayan shekaru, kuma ba ta jima ba ta cika.

A labaran biyu akwai rabuwa, akwai doguwar tafiya, akwai haɗuwa a bakin mutuwa. Bambancin yana wurin wanda ya yi tafiyar. Takahata ya ɗora wa yaro, uwa ta zama inda za a je. Tafawa Ɓalewa ya ɗora wa uwa, kuma da ƙafarta ya nuna wa mai karatu muguntar cinikin bayi na hamada. Ɗan ya samu gata a hannun ubangijinsa. Ita ce ta ɗanɗani abin da bauta take nufi. Ita ma ta mutu, amma a ƙarshen labari, bayan ta yi zaɓi, ta yi kuskure, ta jure.

Bora, Mowa da kunyar ɗan fari

Tatsuniyar Hausa ta san maraici sarai, kuma marainiya a hannun kishiyar uwa tana cikin tsofaffin jigoginta. Amma gidan da tatsuniya ta fito daga cikinsa gida ne mai mata fiye da ɗaya, saboda haka ba ta buƙatar kashe uwa kafin ta jefa yaro cikin wahala. Ya isa a ce uwarsa ce Bora. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya aro sunanta ya sa wa littafinsa, 'yar Bora aka ɗora wa laifin ɓata ƙirgi, aka tura ta neman ruwan da za ta wanke shi. Ta wuce abubuwan kwaɗayi ba ta taɓa ba, ta yi ladabi ga halittu masu ban tsoro, ta dawo da dukiya. 'Yar Mowa ta bi sawunta da rashin kunya da haɗama, ta dawo da abin kunya. Iyayen mata biyu suna raye daga farko har ƙarshe, kuma su ake aunawa. Tafiyar yaran jarrabawar tarbiyya ce, sakamakon kuma ɗakin uwa yake komawa.

Akwai wani dalili da ya sa labarin Hausa bai buƙaci kabari don ya nesanta uwa da ɗa ba. Al'ada ta riga ta yi wannan aiki. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954. A ciki Baba ta yi bayanin kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa kuma ba ta nuna masa so a gaban mutane, da kuma riƙo, inda bayan yaye kaka ko gwaggo ko inna ke ɗaukar yaro. Ita Baba ba ta haihu ba, amma ta raini 'ya'yan dangi. A irin wannan gida kalmar uwa tana da faɗi. Akwai wadda ta haifa, akwai wadda ta goya, akwai wadda ta aurar. Mahaifiya na iya kasancewa a raye, a kusa, tana kau da kai, alhali ba abin da ya fi ɗan daraja a zuciyarta.

Abin da take riƙe da shi kuma bakinta ne. A tunanin Bahaushe, wanda hadisin da ya ambaci uwa sau uku kafin uba ya ƙarfafa, albarkar uwa ko fushinta na bin ɗa duk inda ya shiga. Jarumin Jafan na ɗauke da hoton uwarsa a zuciya. Jarumin Hausa na ɗauke da sallamarta, kuma dole ya dawo ya durƙusa ya ba da bayani. Wannan iko ya kai har fada, inda a Kano mahaifiyar sarki ke da laƙabin Mai Babban Ɗaki.

Daga bakin kaka zuwa bakin aku

Akwai wani matsayi da uwa ta riƙe a adabin Hausa wanda ba a cikin labari yake ba: ita ce mai ba da shi. Tatsuniya sana'ar mata ce ta dare, ta iyaye da kakanni, a tsakar gida bayan an ci tuwo. Da aka zo mayar da ita rubutu, hannun maza ta bi. Kundin Frank Edgar, *Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa*, wanda aka buga a Belfast cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta shi da ajami don jami'an mulkin mallaka, kuma takardun Edgar na ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. A *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aikin riƙe yaro a gida da labari har gari ya waye, wanda aikin kaka ne, aku aka ba wa. Duniyar littafin ta sarki ce da waziri da 'ya'yan sarki. Lokacin da NTA Kaduna ta mayar da shi wasan talabijin, da marigayi Ƙasimu Yero cikin fitattun 'yan wasansa, wannan duniya ta maza ce ta hau allo.

Sai da mata suka kama alƙalami uwa ta dawo tsakiyar labari. A *Alhaki Kwikwiyo* na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, Rabi uwar 'ya'ya tara ce da mijinta ya kora saboda amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe su. Finafinan Kano kuma sun raba uwa gida biyu kamar yadda tatsuniya ta yi, mai haƙuri da mai tsanani. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, da ta rasu a 2024, a rawar masifaffiyar uwa da kishiyar uwa ta yi suna. Ko mai haƙuri ce ko mai tsanani, tana raye, tana magana, kuma ba a ɗaura aure ko a warware shi ba da saninta ba.

Jafan ta fara sauya ra'ayi

A 1990 aka sanar da cewa matsakaicin haihuwar mace a Jafan ya sauka zuwa 1.57 a shekarar da ta gabata, abin da ya girgiza ƙasar. A 2022 jariran da aka haifa ba su kai 800,000 ba. Ƙasar da ta ɗauki uwa a matsayin abin da ke nan kullum ta wayi gari tana tambayar me ya sa mata ke guje wa wannan matsayi. A daidai wannan zamani katun ya fara kallon uwa ta wata fuska. *Wolf Children* na Mamoru Hosoda, na 2012, ya kashe uba ne, ya bi wata matashiya mai suna Hana shekara da shekaru tana noma da rainon yara biyu da rabinsu kyarkeci ne. *Maquia* na Mari Okada, na 2018, labarin wata yarinya ce daga jinsin da ba ya tsufa, wadda ta tsinci jariri ta raine shi har ya tsufa ya mutu a gabanta. A *The Promised Neverland* na 2019, matar da marayu ke kira Mama tana kiwonsu ne don a kai wa dodanni su ci, kuma labarin ya nuna yadda ita ma tsarin ya tilasta mata. A shekarar ce kuma aka yi wani katun na barkwanci inda uwa ta bi ɗanta cikin duniyar wasan kwamfuta, ta fi shi ƙarfi.

Ba a daina kashe uwa a kashin farko ba, *Demon Slayer* shaida ne. Amma marubutan Jafan sun gano cewa uwar da ke raye tana da labarin da ya isa a zauna a kalla, abin da Tafawa Ɓalewa ya nuna tun a shekarun 1930.

Abin da ya rage wa masu zane na gida

Wannan tarihi ya shafi Kaduna ta hanya biyu. Ta farko ita ce mai kallo. A Jafan, matan da ke mutuwa wajen haihuwa ba su kai biyar ba cikin kowace haihuwa 100,000. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ba da 512. Abin da ya zama dabarar buɗe labari a Tokyo, a ajin firamare na Tudun Wada ko Badarawa yana iya zama rayuwar yaron da ke zaune a benci na uku. Irin wannan yaro na iya samun wani abu a wurin Edward Elric, wanda ya koyi cewa ba a dawo da wanda ya tafi, kuma waɗanda suka riƙe shi bayan rasuwar ba baƙi ba ne. Iyayen da ke ɗaukar katun a matsayin shirme sun rasa damar wata hira da yaransu suka riga suka fara da baƙi.

Ta biyu ita ce mai ƙirƙira. Matasan Arewa da ke koyon zane da katun a kwamfuta a yau, daga anime suka koyi yadda ake zana ido, da gashi, da saran takobi. Tare da waɗannan suna iya ɗauko tsarin labarin ba tare da sun lura ba, su kashe uwa a shafin farko saboda haka suka ga ana yi. Wannan tsari amsa ce ga tambayar wani gida, mai uba ɗaya da uwa ɗaya da yaro ɗaya ko biyu a bene na takwas. Gidan Bahaushe yana da nasa kayan aikin: uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, gwaggon da ta goya, kishiyar da wani lokaci ta fi uwa tausayi, da sallamar da jarumi ba ya fita sai da ita. Har yanzu ba a yi katun ɗin matar da ta tashi daga Fatika ta ratsa hamada har Tarabulus tana neman ɗanta ba, kuma labarin na nan a rubuce tun 1934.